Kafin A Ce Wannan Gidan Abinci Ya Fi Kowanne

Gidajen abinci sun cika biranenmu. Wanda ya san Kano shekara ashirin da suka wuce, idan ya bi Zoo Road ko titin Audu Bako ko ya kutsa cikin Nasarawa da daddare yanzu, zai ga abin da bai saba gani ba. Zai ga magidanci da matarsa da 'ya'yansa sun fito cin abinci a waje, ba tafiya ce ta kama su ba, ba kuma tukunyar gida ce ta ƙone ba. A da cin tuwon saye aikin gwauro ne da baƙo da ɗan kasuwar da rana ta yi masa a rumfa. Yau ya zama fita shaƙatawa, kuma haka abin yake a Kaduna da Abuja da Sakkwato da Yamai da Maraɗi. Tunda gidajen sun yi yawa, dole mutane su fara tambayar wanne ya fi. Masu ba da amsa kuwa sun fito da yawa, sai dai akasarinsu ba su cancanci a saurare su ba.

Ina cikin masu ganin ya kamata a riƙa karrama wuraren cin abincin da suka yi fice. Girki sana'a ce mai cin jiki. Wanda ke tashi kafin kiran assalatu ya tafi kwata zaɓar nama, ko wadda ke kwana da ƙullu tana duba ko ya tashi, sun cancanci a ce musu sannu a bainar jama'a. Baƙon da ya sauka a gari yana bukatar wanda zai nuna masa inda zai ci ya ƙoshi ba tare da ya kwana yana zarya ba. Yabo na gaskiya kuma yana sa maƙwabcin wanda aka yaba ya gyara tukunyarsa. Abin da nake ƙi shi ne yadda muke yin karramawar yanzu, domin kusan kullum kuɗi da kwalliyar gini ake aunawa, abin da ke cikin faranti kuwa ba a ko ɗanɗana shi ba.

Duk wanda ke kusa da masu gidajen abinci ya san yadda lambobin yabon ƙarshen shekara ke zuwa. Wasiƙa ce za ta iso, a ce bayan dogon nazari an zaɓi gidanku. A ƙasan wasiƙar akwai kuɗin tebur a wurin taro, da kuɗin shafi a mujallar taron, da gudummawar da ake fatan za a bayar. Mai gida ya biya, a ba shi allon gilashi mai rubutun zinariya, ya rataye a bayan kanta. Idan ka tambaye shi yaushe masu nazarin suka zo suka ci, sai ya yi murmushi. Akwai kuma irin wadda ake cewa jama'a su kaɗa ƙuri'a ta intanet, wani lokaci kowace ƙuri'a da kuɗinta. A nan wanda ya fi yawan mabiya da ƙarfin aljihu shi ke lashewa, mai tuwon da ke ciyar da unguwa guda kuma ba ta ma san ana yi ba.

Sai masu bidiyo, waɗanda su ne suka fi tasiri a yau. Ba na raina aikinsu. Wasunsu sun fito da wuraren da da ba za mu taɓa sani ba, sun kuma sa matasa sun daina jin kunyar abincin gargajiya. Amma a duba yadda akasarin bidiyon ke samuwa. Mai gida ne ya gayyato mutum, ya san ranar zuwansa, ya sa babban kuku ya tsaya da kansa, aka zaɓi tsokar da ta fi kyau, aka goge tebur sau biyu. Abincin ranar tamkar girkin da ake yi ne ranar da surukai za su zo, ba shi ake ci kullum a gidan ba. Mai bidiyo ya ci kyauta, sau da yawa an haɗa masa da na mota, to me zai ce? Bahaushe ya riga ya faɗa, in baki ya ci ido sai ya ji kunya. Talla ba laifi ba ce, sana'a ce halastacciya. Laifin shi ne a yi talla a kira ta shaida. Na taɓa bin irin wannan yabon na je wani gida da aka cika waya da labarinsa. Fitilu da kujeru babu abin kushewa, amma miyar da aka kawo mini ɗumame ce, naman ya sandare, dunƙulen magi ya danne komai. Abin da ya dame ni ya wuce kuɗina. A teburin kusa da ni akwai wani saurayi da alama ya daɗe yana tara kuɗin kawo ƙannensa, suna ta juya cokali a shinkafa ba wanda ya iya cewa komai.

Kada a ɗauka ƙuri'ar jama'a ta intanet za ta warware matsalar. A 2017 wani ɗan jarida a Landan, Oobah Butler, ya yi rajistar rumfar da yake kwana a cikinta a shafin TripAdvisor, inda jama'a ke rubuta ra'ayinsu kan wuraren cin abinci da masaukai, a matsayin gidan abinci, ya sa abokansa suka riƙa rubuta yabon ƙarya. Cikin watanni rumfar ta zama ta ɗaya a jerin gidajen abincin Landan gaba ɗaya, alhali ba ta taɓa sayar wa kowa ko loma ɗaya ba. Idan haka ta faru a birnin da ke da gidajen abinci dubbai da 'yan jarida masu bin diddigi, me zai hana ta faruwa a nan?

Akwai wani tsari da duniya ta fi girmamawa, kuma ya kamata mu san yadda yake aiki kafin mu yaba shi ko mu kushe shi. Littafin Michelin ya fito ne a Faransa a 1900. 'Yan'uwa biyu masu kamfanin taya, André da Édouard Michelin, su suka ƙirƙiro shi, a lokacin da motocin ƙasar gaba ɗaya ba su kai dubu uku ba. Manufarsu kasuwanci ce tsagwaronta: a nuna wa direba inda zai sami mai, da makaniki, da masauki, da abinci, don ya yi ta tafiya tayarsa ta cinye ya sayi sabuwa. Kyauta ake raba shi har zuwa 1920. A 1926 suka fara sa tauraro a gaban sunan gidan abincin da ya yi fice, a 1931 suka mai da taurarin hawa uku. Tauraro ɗaya na nufin girki mai kyau ƙwarai, biyu na nufin ya isa ka karkata hanya dominsa, uku kuma ya isa ka shirya tafiya musamman don ka ci.

Ba taurarin ne suka burge ni ba. Ƙa'idar aikin ce. Ma'aikatan littafin ba sa bayyana kansu. Suna shiga kamar kowa, su zauna, su ci, su biya da kuɗin kamfani, su fita, wani kuma ya sake dawowa wata rana. Abin da suka ce suna dubawa biyar ne, wato ingancin kayan girki, da ƙwarewar hannu, da yadda ɗanɗano ya haɗu, da yadda ake gane mai girkin a cikin girkinsa, da kuma ɗorewa, ko abin da ka ci yau shi za ka ci bayan wata uku. A cikin biyar ɗin babu labule, babu na'urar sanyaya ɗaki, babu kayan sawar masu kawo abinci. Shi ya sa a 2016 wani mai rumfa a kasuwar abinci ta Singafo, Chan Hon Meng, ya sami tauraro da shinkafa da kazar da yake sayarwa kusan dala biyu ta ƙasarsu. A ƙarshen 2017 wata dattijuwa a Bankok da ake kira Jay Fai, wadda ta haura saba'in tana soya kowane faranti da hannunta a kan gawayi, ita ma ta samu. A 2024 wata 'yar rumfar nama da waina irin tasu a birnin Meziko, El Califa de León, wadda ko wurin zama na kirki ba ta da shi, ta bi sahu.

Wannan ba ya nufin tsarin ba shi da tabo. Littafin ba ya zuwa gari don Allah. A wurare da dama hukumomin yawon buɗe ido ne ke biyan kuɗi kafin ya shigo; hukumar yawon buɗe ido ta jihar Kalifoniya ta Amurka ta biya dala 600,000 a 2019 don a faɗaɗa shi ya game jihar. Ya isa Dubai da Abu Dabi a 2022, amma babu birni ɗaya a Afirka ta Yamma da ma'aikatansa ke zagayawa. An daɗe kuma ana zarginsa da fifita girkin Faransa da na Japan da teburin masu kuɗi. Haka shi ma jerin nan na gidajen abinci hamsin mafi kyau a duniya, wanda wata mujallar Ingila ta fara a 2002, masu zaɓensa sun haura dubu, amma akasarin gidajen da suke zaɓa talaka ba ya iya leƙa su. Sakamakon wannan shi ne girkinmu sai ya yi hijira kafin a gan shi. A Fabrairun 2024 Adejoké Bakare, wadda ta tashi a Kaduna, ta zama baƙar mace ta farko da ta sami tauraron Michelin a Birtaniya, da gidan abincinta Chishuru da ke Landan, inda sinasir ke cikin abin da ta riƙa kawo wa Turawa. Na yi murna da labarin ƙwarai. Amma na kasa daina tunanin matan da ke zuba sinasir da waina kowace safiya a Kaduna da Bauci da Maiduguri, waɗanda daga irin hannunsu aka ɗauko abin, kuma ba a taɓa rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a ko'ina ba.

Ba sai mun jira Faransawa sun zo sun gaya mana tuwon wa ya fi ba. Muna da namu masu binciken tun tuni, kuma su ma direbobi ne. Tambayi direban tirela ko na motar haya da ke bin hanyar Kano zuwa Abuja inda ake tuwo na gaske. Zai gaya maka rumfar da zai tsaya a Kwanar Ɗangora, da wadda zai wuce a Kwangila, da wadda ta lalace a Mararrabar Jos tun da uwar ta daina girki ta bar wa yara, da wadda ba a samun komai a cikinta a Tafa idan an wuce la'asar. Shi ba a gayyace shi ba, da kuɗinsa ya ci, ya ci da rani ya ci da damina, kuma ba ya jin kunyar kowa. Duk sharuɗɗan da littafin Faransa ke alfahari da su ya cika su. Abin da ya rasa shi ne wanda zai tattara abin da ya sani ya rubuta. Haka 'yan kasuwar Kwari da na Kurmi da na Sabon Gari suka san gidan da ake aika yaro da kwano. Haka tsofaffin cikin birni suka san gurasar Jakara ta gidan wa ce ke da laushi ba tsami, da kilishin Agadasawa na wa ne aka shanya shi har ya bushe kafin a tsoma a labu.

Akwai wata mai waina a wani lungu da nake bi, ba zan faɗi inda take ba don ban nemi izininta ba. Idan ka tsaya ka kalle ta za ka gane abin da ake nufi da ƙwarewa. Tanda ce ta ƙasa, ta yi baƙi da shekaru. Ba ta duba wuta da ido. Tafin hannu take karawa sama da tandar, sai ta ja itace ɗaya baya. Ta ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu da ludayi ba ragi ba ƙari, kafin ta cika gurbin ƙarshe na farko ya isa juyi. Wainar takan fito gefenta da ɗan ƙauri, cikinta fari tas mai huhu, tsaminta daidai. Miyar taushen kabewa ce da yakuwa da gyaɗa, da ƙashin da aka dafa tun dare, ba ruwan magi ba. Na ci ranar sanyi na ci ranar zafi, lokacin da ƙullu ke saurin wuce gona da iri, ban taɓa jin bambanci ba. Wannan daidaito shi manyan kukun duniya ke kashe shekaru suna nema. Ita ba ta da allo, ba ta da shafi a Instagram, kuma a duk tarukan karramawar da ake yi a otal babu rukunin da za ta shiga.

Haka mai tsire. Aikin yana farawa daga zaɓen nama, a fere shi falle-falle, a tsira a tsinke tsoka da ɗan kitse a tsakani, a birkiɗa a garin ƙuli-ƙuli da yaji, a kafa tsinkayen kewaye da wuta a kan tukuba yadda zafi ne zai gasa ba harshen wuta ba. Wannan sana'ar ita ta kai sunan Bahaushe inda sarauta da siyasa ba su kai shi ba. A Legas mutane na layi a Allen Avenue da Ikoyi don suya. A Accra suna kiran sa chichinga, kuma kokon safe da suke sha a can da sunan Hausawa ake kiran sa, ga wake da shinkafa da tuwon zafi da suka zama abincin ƙasa. A Yawunde unguwar Briqueterie aka sani da soya. A Sudan agashe ya zama abincin dare na kowa. Nijar ma ta riga mu farkawa, domin ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajistar asali a hukumar kare mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Mutanen da suka ciyar da rabin nahiya, a garuruwansu na asali idan aka tashi karrama gidan abinci sai a miƙa wa mai sayar da fiza da shawarma. Ba na gaba da fiza, yarana ma suna so. Amma birnin da bai iya nuna gwaninsa na tuwo da miyar kuka ba, bai kamata ya fara da nuna gwanin abincin wasu ba.

Akwai dalilai daga cikin al'adarmu da suka sa muka makara, kuma sai mun faɗe su. Mu mutane ne da ba ma yabon abinci muna ci. Da ka buɗe baki ka ce miyar nan ta yi, sai a kwashe da dariya a ce kana santi. Tarbiyya ce mai kyau a gida, tana hana kwaɗayi, amma ta bar mu ba mu saba bayyana abin da ya sa girki ya yi daɗi ba. Mun tsaya a kan ya yi ko bai yi ba. Kushewa kuma ta fi wuya, domin kara ba ta bari. Ga kuma wani tsohon kallo da ake yi wa macen da ke sayar da tuwo a tasha ko a kasuwa, wanda ya sa iyalai da yawa ba sa son a ambaci sunan 'yarsu da wannan sana'a, duk da cewa da ita aka biya kuɗin makarantar yara. Mata da yawa da suka fi kowa iya girki suna cikin gida, ɗanwakensu da dambunsu da alkubus ɗinsu ne ke fita, su ba a gan su ba. Duk tsarin karramawar da bai nemi hanyar isa gare su cikin mutunci ba, da yardarsu da ta mazajensu, ya bar mafi yawan gwanayen a waje.

Wani zai ce, kuma da gaskiyarsa, wannan hanya ce ta taɓa abincin mutane. Idan ka ce gidan wane ya fi, ai ka ce na wane bai kai ba, kuma a wannan zamani na tsada wa zai so ya zama sanadin rufe shagon wani? Akwai ma tsoron hukuma. A 2023 an kama wata mata a Legas saboda ra'ayin da ta rubuta a Facebook kan wani tumatirin gwangwani, aka kai ta kotu da dokar laifukan intanet. Bayan wannan, wa zai yi gangancin rubuta cewa miyar babban gida ta yi tsami? Amsata ita ce karramawa ba ta bukatar tozarta kowa. A fitar da sunayen waɗanda suka yi kyau, a yi shiru a kan sauran. Wanda bai ga sunansa ba ya san abin da zai yi kafin baɗi. Babu gulma a ciki, babu ƙazafi. Zaluncin da ake yi yanzu ya fi wannan girma, domin yanzu mai gaskiya ne ke rasa ciniki, mai kuɗin talla yana kwashewa.

Abu ɗaya ne ban yarda a yi shiru a kansa ba, shi ne tsafta, sai dai wannan aikin hukuma ne ba na masu ɗanɗano ba. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda ke leƙa randa da makwarara, kowa na shakkar zuwansa. A yawancin sassan Birtaniya ana manna makin tsafta daga sifili zuwa biyar a ƙofar gidan abinci, a birnin New York tun 2010 ake manna harafin da ke nuna makin tsafta a taga, mai shiga ya gani kafin ya zauna. Mu kuwa a 2021 mun ga yadda garin lemo da ɗan tsamin da suka lalace suka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka rasu. Kada a ba kowa lambar yabo sai an shiga madafarsa an ga ruwan da yake wanke kwano da shi, da inda nama ke kwana idan an ɗauke wuta, da man da ake suya ko sau nawa aka maimaita shi. Na kuma lura cewa a wannan jarrabawar ba kullum mai gilashi ke cin mai rumfa ba. Mai rumfa a gabanka take girki, kana ganin komai. Mai gilashi bango ya raba ka da tukunyarsa.

To wa zai ɗauki aikin? Ni a ganina gidajen rediyonmu masu zaman kansu da jaridun Hausa su suka fi dacewa, domin suna da amincewar jama'a da kunnen talaka, kuma za su iya haɗa kai da sassan koyar da girki da kimiyyar abinci na kwalejoji da jami'o'inmu. Sharaɗin farko shi ne kada kwabo ya fito daga aljihun wanda za a auna. A nemi kuɗin daga wanda ba ya sayar da abinci kuma ba ya sayar wa masu abinci kaya, a kuma faɗa wa jama'a ko wane ne. Masu ɗanɗanon kada a san fuskarsu, su biya, su koma a lokuta daban-daban, har da ranar da kasuwa ta cika da lokacin da tukunya ta kusa ƙarewa. Kada a cika su da 'yan boko zalla. A sa tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana girkin biki, wadda da shinshina ɗaya za ta gane daddawar kalwa ce ko ba ita ba. A sa direba. A nemi sarkin fawa ya ba da mutumin da ya san nama, amma kada a tura shi rumfar ɗan'uwansa.

Sannan a daina wannan magana ta gidan da ya fi kowanne a gari, domin ba ta da ma'ana. Ta yaya za a gwada mai fura da mai gasa kifi? A bi abinci ɗaya bayan ɗaya: tuwon shinkafa, tuwon dawa da miyar kuka, waina, gurasa da bandashe, tsire, balangu, kilishi, ɗanwake, farfesun kayan ciki, fura da nono, shayi da ƙwai, sannan a zo kan manyan gidaje da abincin baƙi su ma a ba su nasu rukunin. A rubuta farashi kusa da kowane suna, don mai ɗari biyar ya san inda zai nufa, mai dubu ashirin ma ya sani. Michelin kanta sai da ta gane haka, ta ƙirƙiro wani rukuni a 1997 don wuraren da ake cin mai kyau da araha. A kuma rubuta sunan wanda ke tsaye a gaban wuta idan ya yarda, ba sunan alhajin da ya gina wurin kaɗai ba, domin ranar da kuku ya tafi daɗin ya bi shi. Lambar ta shekara ɗaya ce, a rubuta shekarar ɓaro-ɓaro a jikinta, idan ta ƙare a sake aunawa.

Ba zan ɓoye cewa yabo yana da nasa nauyin ba. Jay Fai ta fito ta ce da za ta iya da ta mayar da tauraronta, saboda cunkoson masu ɗaukar hoto da jiran sa'o'i da ya kori tsofaffin abokan cinikinta. Chan Hon Meng ya buɗe rassa a ƙasashe bayan ya yi suna, a 2021 aka janye tauraron. A Faransa kanta wani babban kuku, Sébastien Bras, ya roƙa a 2017 a cire shi daga littafin don ya huta da fargabar wa ke zaune a teburinsa. A wurinmu haɗarin ya fi kusa da ƙasa. Ranar da aka ambaci mai waina a rediyo, mai filin da take zama zai iya ninka mata haya, masu karɓar haraji su yi mata layi, manyan motoci su cika lungun, almajiri da ɗan dako da suka saba karyawa a wurinta su tarar farashi ya fi ƙarfinsu. Don haka kafin a sa sunan kowa a je a same shi, a yi masa bayanin abin da ka iya biyo baya, wanda ya ce a bar shi a bar shi. Wanda ya yarda kuma, kada a tsaya a allon gilashi. A haɗa masa da abin da zai amfane shi, tankin ruwa ko firji mai aiki da hasken rana ko rumfar kwano, kuma ƙaramar hukumarsa ta ba shi takardar da za ta hana a tashe shi daga wurin a shekarar.